Dakta Zubairu Hammadu Dauran (1957–2024): Likitan da Ya Wanke Sunan Mahaifinsa

Haihuwa da asali

A bazarar shekarar 1957 aka haifi Dakta Zubairu Hammadu a garin Dauran ta ƙasar Zurmi, a tsohon Lardin Sakkwato. Mahaifinsa, Malam Hammadu, manomin gero da dawa ne mai ilimin addini daidai gwargwado, wanda idan liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba ya ja salla. Mahaifiyarsa, Malama Zulaihat, mutuniyar Ɗan Isa ce ta ƙasar Ƙauran Namoda. Cikin 'ya'yan da Allah Ya ba su biyu ne suka rayu, Fatimatu da ƙanenta Zubairu, kuma shekara biyar ke tsakaninsu.

A shekarar 1964 aka sa shi makarantar firamare ta Zurmi, bayan ya yi nisa a allo wurin mahaifinsa. Malamansa sun shaide shi da natsuwa da yawan tambaya, irin tambayar da kan sa malami ya ce a bari sai gobe.

Rasuwar Malam Hammadu

A daminar 1968, lokacin maimai, hauya ta sari Malam Hammadu a ƙafa. Ya ɗaure wurin da tsumma ya koma bakin aiki, domin ciyawa ba ta jiran mai rauni. Ba a daɗe ba ƙafar ta kumbura har gwiwa, jiki ya ɗauki zafi, sannan baki ya rikice. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yana kiran waɗanda suka daɗe a kabari, ya daina gane 'ya'yansa, har wata safiya ya fito ƙofar gida ba riga yana zagin liman, amininsa tun ƙuruciya. Dangi suka taru suka ɗaure shi da igiya a ɗakin ƙurya, aka yi hayaƙi, aka yi rubutun sha, ba a dace ba. Da ajali ya gabato liman ya zauna kusa da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, amma Malam Hammadu bai karɓa ba, maganar gona yake yi har ransa ya fita. Zubairu yana da shekara goma sha ɗaya, kuma yana tsaye a bakin ƙofa tare da yayarsa.

To, mutanen Dauran ba su duba ƙafar ba, bakin suka saurara. Aka ce hauka ne. Masu dogon tunani kuma, waɗanda ba a rasa su a kowane gari, suka tuno wani ƙanen kakansa da shi ma aka ce ya yi sambatu kafin ya mutu, sai magana ta zama haukan gado. A lokacin an riga an sa wa Fatimatu rana da wani saurayi na Birnin Tsaba da take so. Bisa al'ada dangin miji kan yi bincike a kan zuri'ar da za su haɗa jini da ita, kuma abu uku ake gudu: kuturta da farfaɗiya da hauka. Kafin kaka, mutanen Birnin Tsaba suka aiko a mayar musu da kayansu. Fatimatu ta zauna gida har ƙawayenta suka yaye na biyu, kafin wani ɗan kasuwar Shinkafi ya aure ta.

Daga wannan shekara Zubairu ya ɗauki tsoron da ya rayu da shi fiye da rabin ƙarni: cewa abin yana cikin jininsa, zai sauko masa wata rana, zai ba 'ya'yansa, kuma zai mutu kamar mahaifinsa ba tare da ya iya furta shahada ba. Malamai sun sha gaya masa cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ya yarda da wannan, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Neman ilimi

Ya shiga sakandare a Sakkwato a shekarar 1971, ya kammala a 1975 da sakamako mai daraja a darussan kimiyya. Bayan karatun share fage ya sami gurbi a tsangayar koyon aikin likita ta jami'ar Zariya, inda ya kammala a 1982. Abokan karatunsa sun ce duk littafin da ya shafi ƙwaƙwalwa a ɗakin karatu, in an neme shi an rasa, to a je ɗakin Zubairu. Sun ɗauka sha'awa ce, ba su san mutum yana neman hukuncin da aka yanke wa gidansu ba ne. Ya yi hidimar ƙasa a Jihar Binuwai, sannan a 1984 aka tura shi babban asibitin Ƙauran Namoda, garin da ya zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa.

Aure

A shekarar 1985 ya auri Malama Ummusalma, malamar firamare 'yar Shinkafi, wadda ya gani a gidan yayarsa. Bai jira a yi masa bincike ba. Tun zuwansa zance na biyu ya zauna ya kwashe labarin mahaifinsa kaf ya gaya mata, da igiyar da komai, ya ce ta yi shawara da iyayenta tun magana ba ta yi nisa ba. Ummusalma ta ce ta ji, kuma ita dai ba ta ga alamar taɓin hankali a tare da shi ba, in ban da wannan na zuwa zance da labarin mutuwa. Mahaifinta ya yi ɗan jinkiri, daga baya ya ce mutumin da ya tona kansa da kansa ya fi wanda za a tono. Aka ɗaura aure a Shinkafi, aka kawo amarya Ƙaura.

Allah Ya albarkace su da 'ya'ya, amma tsoron bai bar shi ba. In ya manta inda ya ajiye makullin mota sai fuskarsa ta canza, ya zauna shiru yana gwada kansa da karatun surori. In yaro ya yi zazzaɓi ya ɗan yi sambatu, shi da ke kwantar wa iyayen wasu hankali a asibiti, a gidansa Ummusalma ce ke kwantar masa da nasa.

Ƙarin karatu da bincike

A shekarar 1989 ya sami tallafin ƙaro ilimi a ƙasar Birtaniya, inda ya yi shekara uku yana nazari a wani fanni da a lokacin masana suka fara zurfafawa a cikinsa, wato yadda kumburin da cuta ke haddasawa a jiki yake taɓa ƙwaƙwalwa.

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne, hanyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba irin na sauran jiki ba ne. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinsu a manne suke da juna gam, ba su barin kome ya tsallaka daga jini zuwa ƙwaƙwalwa sai abin da take bukata, kamar sukari da iskar numfashi. Wannan shi masana ke kira shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Idan cuta ta shiga jiki, a ƙafa ne ko a huhu ko a mafitsara, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan saki waɗansu sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda aikinsu yekuwa ne: su bi jini su sanar cewa an shigo, a kawo ɗauki. Su ne ke tayar da zazzaɓi da kumburi, kuma in ba don su ba ƙaramar cuta ma sai ta kashe mutum. Amma idan yekuwar ta yi yawa ta kuma daɗe, sai mannewar nan ta sassauta, ruwa da furotin da fararen ƙwayoyin jini su soma ratsawa inda ba huruminsu ba, masu tsaron ƙwaƙwalwar kanta su ma su tashi su ƙara nasu sinadaran. Daga nan ne mai lafiyayyen hankali kan rikice, ya manta iyalinsa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. In an kashe cutar da wuri, sau da yawa shingen kan koma ya ɗinke, hankali ya dawo.

Dakta Zubairu ya ce ranar da ya fahimci wannan sosai, ƙafar mahaifinsa ce ta faɗo masa a rai, ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita waje ya daɗe a tsaye. Ya dawo gida a 1992 da digirin ƙwarewa, aka yi masa tayin zama a Zariya, ya ce Ƙaura zai koma.

Shekarun aiki a Ƙaura

A annobar sanƙarau ta bazarar 1996, wadda ta cika asibitoci har ana kwantar da mutane a ƙarƙashin itatuwa, yana cikin likitocin da suka tsaya a kan marasa lafiyar Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Yakan tara ruwan ƙashin bayan da aka ɗiba don gwaji ya aika wa abokan bincikensa, haka kuma ya yi shekaru yana bin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa a damina. Bai taɓa da'awar ya gano wani abu shi kaɗai ba, yakan ce hannu ɗaya ne shi cikin hannuwa masu yawa. Yakan kuma gargaɗi ƙananan likitoci cewa kada su ɗauka maganin rage kumburi shi ne ƙarshen zance, domin a wasu cututtukan ya taimaka, a wasu bai tsinana kome ba, abin da ya fi tabbata shi ne a gano cutar a kashe ta da wuri. Cikin waɗanda ya horar akwai Dakta Terna, ɗan Binuwai, wanda ya zo hidimar ƙasa ya zauna har ya ji Hausa kamar haifaffen Ƙaura.

Ga mutanen ƙauye kuwa da dangar garka yake yi musu misali: in ta yi sako-sako awaki su shiga su yi ɓarna, ba a cewa ƙasar ce ba ta da kyau, dangar ake gyarawa. Iyalinsa sun ji wannan bayani a kan tuwo har sun haddace, Ummusalma takan ce saura kaɗan a ba ta takardar shaida. Sai dai duk hujjar da yake ba wasu ba ta ishe shi ba, domin babu wanda ya gwada jinin Malam Hammadu, kuma labarin ƙanen kakan nan yana nan. Ya yi ritaya a 2017, bayan annobar sanƙarau ta wannan shekara ta lafa. A shekarar da ta biyo baya, da zaman ƙauyuka ya yi wuya saboda 'yan bindiga, ya ɗauko Fatimatu daga Dauran, inda ta koma tun rasuwar mijinta, ya ba ta ɗaki a gidansa.

Rashin lafiyar shekarar 2019

A watan Oktoba na 2019 wani matashi mai suna Kamaluddeen ya nemi auren autarsa Nazifa. Yaron ba shi da abin kushewa, amma asalin gidansu Birnin Tsaba ne, garin da aka taɓa mayar wa da kayan Fatimatu. Baffan yaron, Alhaji Sufyanu, wanda shi ma rashin tsaro ya dawo da shi Ƙaura, shi aka ɗora wa bincike, ya shiga zama a majalisar unguwa da masallaci yana tambaya a fakaice, aka ce bayan sallar Juma'a za su ba da amsa.

Ashe a lokacin Dakta ya jima yana fama da matsalar fitsari irin ta dattawa, yana ɓoyewa yana rubuta wa kansa magani, domin babu majinyacin da ya kai likita taurin kai. Wata safiya cikin wannan mako, ana karin kumallo, ya dubi Ummusalma ya kira ta da sunan mahaifiyarsa, ya ce a miƙo masa hauya rana ta yi, gero yana jiransa a Dauran. Fatimatu na jin haka ƙoƙon kunu ya faɗi daga hannunta. Ta san wannan murya. Nan take ta sa aka shigar da shi ɗakin ƙurya aka rufe, ta ce duk wanda ya yi sallama a ce Dakta ya tafi Gusau, ta aika a kira wani malami a asirce, ta roƙi Ummusalma a yi haƙuri har Juma'a ta wuce. Ba mugunta ba ce, ita dai ta san abin da bincike yake yi wa yarinya. Manyan 'ya'ya maza ba su gari, kuma gaskiya a faɗe ta, Ummusalma ma ta yarda a ranar farko, don ita ma hankalinta ya tashi.

Washegari da hantsi ta shiga ta taɓa shi, ta ji jiki ya ɗauki wuta yana rawar sanyi, ta kuma lura tun jiya bai yi fitsari ba. Ta fito ta ɗauki mayafi. Fatimatu ta tare ƙofa.

"Ummu, kar ki fid da shi. Ni anka yi ma wannan, na san yadda takan ƙare. Ki bari su ba da amsa tukuna, ki tausaya ma ɗiyar nan."

"Yaya, shekara talatin shina gaya muna in jiki ya yi zafi baki ya rikice, jikin za a bi. In auren ya mutu ya mutu. Ni ba ni bari shi mutu cikin ƙurya."

Nazifa tana tsaye tana jin su. Sai ta sa hijabi ta fita titi da kanta ta kira mai keke napep har ƙofar gida. Aka fito da Dakta Zubairu rana tsaka, ba hula, yana ihu an sace masa hauya, aka wuce da shi ta gaban majalisar da Alhaji Sufyanu ke zaune. Duk wanda ke wurin ya gani, kuma kafin azahar labari ya kai Zurmi cewa gadon ya sauko.

A asibiti Dakta Terna ya tarar cutar mafitsara ce ta shiga jini. Ya sa masa robar fitsari, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ya ce da an ƙara jinkiri ƙoda ce za ta tsaya. Juma'a ta zo ta wuce, mutanen Birnin Tsaba ba su aiko da ko sannu ba. Bayan 'yan kwanaki zafin jiki ya sauka, wata safiya Dakta ya buɗe ido ya nemi tabarau, ya karanta abin da ke rubuce a jikin ledar ruwan, ya tambaya ko wa ya zaɓi wannan magani ba tare da shawararsa ba. Dakta Terna ya yi dariya har da hawaye, ya ce Oga ya dawo.

Ummusalma ba ta ɓoye masa kome ba, ta gaya masa sunan da ya kira ta da shi, da hauya, da ɗakin ƙurya, da majalisa. Ya yi kuka sosai, amma ba kukan kunya ba ne, nauyi ne ya sauka. Ya sa aka kira Fatimatu, wadda ta kasa haɗa ido da shi, ya kama hannunta.

"Yaya, inda Baba ya tafi na tafi, ga ni na dawo. Ba hauka ba ne, zafin ciwo ne. Da an kai shi asibiti, wataƙila shi ma da ya dawo."

Tun yana kan gadon asibiti ya aika aka gayyato Alhaji Sufyanu. Ya ba shi labarin 1968 da bakinsa, ya yi masa bayanin shinge da yekuwa, bai rage kome ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Likita, abin nan shina iya dawowa?"

"Shina iyawa, Alhaji. Gare ni ko gare ka, duk wanda ciwo ya ci ƙarfinsa aka bar shi kwance. Amma ba gado ba ne."

Alhaji Sufyanu ba mutumin da zai ɗauki shaidar uban yarinya a kan 'yarsa ba ne. Ya je ya tsare Dakta Terna shi kaɗai ya yi masa tambayoyi, ya je wurin liman, ya kuma sake dawowa duba mara lafiya har sau biyu, yana jan shi da hirar filaye da nasabar mutanen Zurmi don ya ji ko zai yi tuntuɓe. Gidan ya zauna cikin zullumi har aka sallamo Dakta. Daga baya sai ga dangin Kamaluddeen da goro da alewa. Aka ɗaura auren Nazifa da Kamaluddeen a watan Disamba na wannan shekara, kuma Fatimatu ce ta riƙe hannun amarya ta kai ta ɗakinta.

Shekarun ƙarshe

Waɗanda suka san shi sun haɗu a kan cewa bayan wannan jinya wani mutum ne daban. Ya yi ƙiba, ya koyi dogon zama a majalisa, in ya manta makulli sai ya ce tsufa ne ya sa a nemo masa. Ya roƙi limaman Ƙaura da Shinkafi su riƙa ba shi ɗan lokaci bayan salla, ya shiga gidan rediyo, saƙonsa kuma ɗaya ne: duk wanda jikinsa ya yi zafi bakinsa ya rikice, yaro ko tsoho, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, kada a rufe shi a ɗaki. Ba ya misali da kowa sai kansa, tun da rabin garin sun gan shi ba hula.

Rasuwa

Daga shekarar 2022 ciwon zuciya ya fara taɓa shi, wannan karon kuwa ya bi umarnin Dakta Terna, ko da yake ba a rasa gardama. Ya rasu a gidansa da ke Ƙauran Namoda da hantsin wata Juma'a cikin watan Fabrairu na 2024, yana da shekara sittin da shida. Iyalinsa suna kewaye da shi, ya kira kowa da sunansa ya yi masa wasiyya. Da numfashi ya fara nauyi Fatimatu ta matso kusa da kansa za ta laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin ta buɗe baki ya riga ta, ya faɗe ta sarai har na bakin ƙofa suka ji, ya maimaita, sannan ya cika.

An yi masa salla bayan an sauko daga Juma'a, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin, tare da jama'a daga Zurmi da Shinkafi da Gusau, da abokan aikinsa Musulmi da Kirista. A zaman makoki duk macen da ta durƙusa gaban Fatimatu ta yi mata gaisuwa, tsohuwar takan amsa, sannan ta ƙara da fuska a sake: "Da hankalinai ya tafi. Ni na ji shi da kunnena."

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Ummusalma, da yayarsa Fatimatu, da 'ya'ya huɗu: Abdulrashid, injiniya a Gusau, Zulaihat, tana aure a Shinkafi, Shamsu, malamin kimiyya a Ƙaura, sai Nazifa, matar Kamaluddeen, wadda ɗanta na fari ya ci sunan Malam Hammadu, sunan da tun 1968 ba a sake raɗa wa kowa ba a zuri'ar. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya yi masa rahama, Ya haɗa shi da mahaifinsa a gidan da babu ciwo.